Idon Tunkiyata

Ina 'yar shekara bakwai, ruwan farko ya zo mana da iska, cikin bazarar da harawa ta ƙare tun da wuri. Katangar garkenmu a Maska ta faɗi, ta danne tumaki. Da la'asar Baba ya shiga da wuƙa, yana bin masu sauran numfashi yana yankawa kafin su zama mushe. Ina biye da shi da buta. Ba wanda ya yi kuka. Warin jiƙaƙƙen gashi kawai nake ji.

Ta ƙarshe tunkiyata ce, wadda kakata ta ba ni. Baba ba ya gani sosai, sai ya ce, "Uwata, duba mini idonta. In ya motsa, ta yanku."

Na duba. Ya motsa.

Na ce, "Bai motsa ba, Baba."

Ya goge wuƙar, ya fita. Na zauna ina jiran ta tashi. Kafin magariba aka ja ta zuwa bayan gari, ungulaye suka sauka.

Baba ya rasu bai sani ba. Ni kuwa har yau, in aka ce in duba mara lafiya, sai in ce a kira wani.