Irin Kuɓewar Da Ya Sha Rana

Tun da rana ta fara ƙona amfanin gona, doka ta ce kowa ya kai irinsa ofis a gwada kafin damina. Iya Lantana ta kwance ƙullin irin kuɓewar da ta gada wajen mahaifiyarta.

Ɗanjuma, ma'aikacin wurin, ya haska ƙwaya ɗaya, ya girgiza kai.

"Iya, uwarsa ta sha rana, shi ma ya ɗauko tsoron. Ko a inuwa kika shuka shi, ba zai buɗe ganye ba sai bayan la'asar. Ki zubar, a ba ki sabo."

Ta ɗaure ƙullinta a bakin zani.

"Ɗan nan, jikokina ma sai bayan la'asar suke fitowa. Ban zubar da su ba."