Neman Kuskure a Lissafin Auta

Ana shirin shiga da Umma ɗakin tiyata, amma hannun Auta ta riƙe, ba na yayansa ba.

Shi ne fa babba. Shi ya koya wa yaron nan biyu sau biyu. Shi ya fara lissafa yadda ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni suke manne wa ƙarfe har jini ya daskare. Rana tsaka Auta ya saka gudun jini cikin lissafin, duniya ta tafa masa, aka manta da wanda ya share fage. Tun daga nan ba shi da aiki sai bin takardar ƙanensa layi-layi, yana neman kuskure ɗaya tak da zai kunyata shi gaban masana.

"Yaya," in ji Auta, "bawul ɗin ƙarfen da za a sa mata a zuciya don daidaita gudun jini, da lissafina aka ƙera shi. In na kuskure, jininta zai daskare a kansa." Ya miƙo takardar. "Duba mini. Ba wanda ya bi ta kamarka."

Ashe Auta ya san yana farautar kuskurensa.

Yayan ya zauna kan benci, ya fara daga layin farko kamar kullum, sai dai yau roƙon Allah yake kada ya samu kuskure.

Bai samu ba. Ya yi hamdala har da hawaye, kuma ko a cikin hamdalar rashin kuskuren yana cin ransa.