Rabon Binta a Kwanon Altine

A shekarar farin da ya koro makiyaya zuwa bakin garin Agadez, Haoua ba ta da abin da ke hana ta sukuni kamar tsayin ɗiyarta Altine. Yarinyar ta cika shekara shida, amma ba ta fi 'yar shekara uku tsayi ba. Kowane wata Haoua kan jingina ta da bango ta ja layi da gawayi, layin kuma ya ƙi tashi.

Maigidanta ya bi ayarin gishiri zuwa Fachi, ya bar su a hannun yayarsa Baturiya.

"Haoua, yunwa ce ta tsugunar da yarinyar nan," in ji Baturiya. "In ƙanena ya dawo, sai ki ce masa ke kike cinye rabonta ko?"

Maganar ta zauna mata a rai. Duk ranar da sojoji suka raba agajin jar dawa da garin madara, sai ta dama kunu, ta cika kwanon Altine da mai kauri, ta tsinka sauran da ruwa ta ba ƙaramar ɗiyarta, Binta, wadda ba ta daɗe da yaye ba. Binta ba mai kuka ba ce, saboda haka ba wanda ya lura da ita.

Wata huɗu suka wuce, layin gawayi yana inda yake. Hankalin Haoua ya tashi, ta goya Binta, ta riƙe hannun Altine zuwa gidan likita.

Ma'aikaciyar jinya ta auna Altine, ta duba gajerun hannuwanta da ƙafafunta, ta yi mata tambayoyi, yarinyar tana amsawa da wayo.

"Hajiya, wannan lafiyarta ƙalau. Wada ce. Ƙasusuwanta ne Allah ya yi ba su tsawo kamar na saura. Ko buhu goma ta ci, ba zai sauya halittarta ba. Za ta yi karatu, ta yi sana'a kamar kowa." Sai ta kalli bayan Haoua. "Kwanto mini wadda kika goya."

Haoua ta kwance zane. Ƙafafun Binta sun kumbura, gashinta ya yi ja, idonta a lumshe.

"Tun yaushe take haka?"



Aka kwantar da Binta nan take. A rana ta uku Allah ya karɓi abinsa. Da Haoua ta koma gida, ta jiƙa tsumma ta goge layukan bangon, Altine tana tsaye tana riƙe mata ƙwaryar ruwa.

Ya ku iyaye, ba kowace gajartar yaro ba ce yunwa. Wada halittarsa ce haka, ba ciwo ba ne da ƙarin abinci zai warkar. In girman yaro ya tsaya, a kai shi gidan likita tun da wuri, kada zato ya sa a tauye haƙƙin ɗan'uwansa.