Maƙerin da Ya Kashe Wutarsa

Zauna, angon ƙarni, na ga idanunka sun yi jawur. Bari in ba ka misalin wani maƙeri.

An yi masa haihuwar fari dab da saukar damina, lokacin da manoma ke cika ƙofarsa da fartanyoyi. Maƙerarsa a zaure take, bango ɗaya da ɗakin matarsa. Don tausayin jinjiri sai ya kashe wuta, ya rataye zugazugi, ya ce ba ƙira sai an yi arba'in. Ya hana daka, ya kai zakara maƙwabta, kowa a gidan tafiya yake da sanɗa. Gida ya yi tsit, yaro kuwa ya ce bai san zancen ba. A ba shi nono, kuka. A canja masa tsumma, kuka. Ya lumshe ido kamar gaske, kafin a saki labule ya callara. Wannan ta ce ciwon ciki ne, waccan ta ce nono ne bai ishe shi ba, wani ya ce sunan ne bai karɓe shi ba. Maƙeri ya rasa ta wa zai kama. Mai jego ta rame, ido ya faɗa, har ta fara taya ɗanta kuka tana cewa ita ce ba ta iya reno ba. Wannan ya fi komai ƙona wa maƙerin rai.

Ran kwana na ashirin wani manomi ya zo da karyayyar garma, ya yi ta magiya. Maƙeri ya ce to, mai kuka dai kukansa yake yi. Ya hura wuta, zugazugi ya kama huci, guduma ta kama sauka. Can sai ya lura ba ya jin kuka. Ya yar da guduma ya ruga ɗaki, ya tarar da uwa da ɗa suna sharar barci. Yana tsaye baki buɗe, yaro ya ji shiru, ya motsa, ya soma kuka. Gwaggon maƙerin, wadda ta iso barka a ranar, ta daka masa tsawa: "Koma bakin aikinka! Wata tara yana jin bugun nan, ya fito ka kashe masa. Wa ya gaya maka ciki shiru ne?"

Ban ce kowane kuka guduma ce maganinsa ba. Amma su kwana ashirin suka yi suna wahala, maganin yana rataye a zaure. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.