Tabarmar Liman Likita

An yi wani likitan zuciya mai yawan cika baki cewa babu ƙirjin da ya taɓa gagararsa buɗewa. A asibiti kam ba ƙarya ya yi ba: ya tsaga ƙashi, ya taɓa zuciya tana bugawa, ya ɗinke, bayan kwana biyu ka ga mutum zaune yana neman koko. Da furfura ta cim masa sai ya ajiye wuƙa ya koma ga karatu, har jama'ar unguwa suka ba shi limanci. Amma hannun da ya saba tsaga bai iya zaman banza ba. Ya sa aka shimfiɗa wata tabarma a ƙofar masallaci. Duk mutum biyun da ya ji suna gaba, bayan La'asar zai zaunar da su a kai, gaban jama'a, kowa ya amayar da abin da ke ransa, sannan a yafi juna. In wani ya roƙi a yi maganar a ɓoye, sai ya ce ciwon da aka rufe shi ke kisa, shi bai taɓa yin tiyata ta saman riga ba. Dattawa da rawunansu sun sha kuka a tabarmar nan, shi kuwa ko gezau.

Abin da unguwa ba ta sani ba, liman yana da ƙane a garinsu wanda shi liman ya yi shekaru ba ya amsa masa sallama. Ranar da mahaifinsu ya rasu likita yana ɗakin tiyata, hannunsa cikin ƙirjin wani. Ƙanen ya yi abin da aka saba, bai bar gawa tana jira ba, aka kai tsoho makwancinsa. Likita ya iso ya tarar da ƙasa ɗanya, bai ga fuskar ubansa ba, kuma bai yafe ba. Wata La'asar, ana sallamewa, sai ga wani dattijo ramamme yana dogara sanda, ya zo ya zauna a tabarmar, ya bar gefe guda. Ya gaya wa jama'a ciwo ya ci ƙarfinsa, ba ya son ya tarar da mahaifinsu da gabar ɗan'uwa a wuyansa, shi ya sa ya zo inda ya ji ana buɗe ƙirji. Liman ya gane muryar tun kafin ya dubi fuskar. Ya sunkuya, ya ce a hankali su shiga daga ciki, wannan maganar gida ce.

Dattijon bai motsa ba. Ya ce, "Yaya, duk waɗanda ka zaunar a nan, su ba su da gida ne?"

Waɗanda suka taɓa kuka a tabarmar suna nan tsaye, suna kallon gefen da aka bar wa liman. Dama Hausawa sun faɗa: wanzami ba ya son jarfa.