Gefen Taya

Mai shagon tayoyi ya shafa tayar bayan babur ɗin da yatsa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Yallaɓai, ka ce ofis kaɗai kake zuwa da shi?"

"Ofis da gida. Ba ni mai ƙwari, wadda za ta jure titunan garin nan namu na Pune."

"Ikon Allah! Tayar ɗan ofis a tsakiya take cinyewa. Wannan kuwa gefenta ne ya narke, hagu da dama. Ana kwantar da babur ɗin nan a kwanar dutse har gwiwa ta kusa shafar kwalta."

Mai babur ya duƙa ya dubi gefen tayar. Shi da ko kwanar layinsu sai ya sauke ƙafa! Ran Lahadi kuwa barci yake har hantsi, matarsa ce ke sammakon kai furanni wurin bauta a saman dutse. A motar haya, a zatonsa.

Ya waiga. Tana can da kwandon cefane, tana matsa wata taya kamar mai zaɓen mangwaro.

"Ɗan'uwa," ta ce da mai shagon, "sa mana mai laushin nan. Waccan santsi take kafin ta ɗumama."