Ƙullin Bahaguwa

Ranar da shamuwa ta dawo, na kwance zaren ja da fari daga hannuna, na hau dutse in ɗaura shi a bishiyar da ta fara fure, kamar yadda muka saba duk shekara ni da yayata. Ita kam mun binne ta tun ƙanƙara ba ta narke ba.

A reshen na tarar da sabon zare.

Na gangara wurin maƙwabcina, mu biyu muka rage a ƙauyen.

"Tsoho, kai ka hau?"

"Da waɗannan gwiwoyin?" Ya ɗaga hannu, nasa zaren na nan a ɗaure.

Na koma na duba ƙullin. A karkace yake, irin na bahaguwa, wanda tun muna yara nake yi wa yayata tsiya a kansa.

Na ɗaura nawa a gefe.

"Yaya, bana ma kin riga ni."